Kaza mai yaji a tukunyar iska: waje ya soyu, ciki fa?

A wannan karo shafinmu zai shiga madafa, saboda wata tukunya da ta fara yawaita cikin gidajen Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Tukunya ce mai aiki da kuran, girmanta bai wuce na ƙaramin bokiti ba, tana da aljihu wanda ake jawowa a jera nama a ciki. Ƴan kasuwa suna ce mata eya-faraya. Mu a nan za mu kira ta tukunyar iska, domin da iska mai zafi take gasa abinci. Amare suna samunta cikin kayan ɗaki, matafiya suna shigowa da ita, waɗansu kuma wurin masu kayan gwanjo suke sayenta. Abin da aka fi sa mata kuwa shi ne kaza.

Mu ma ta taɓa ci mana kaza, shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kanta. Ranar da ta shigo gidanmu, zakara muka yanka, irin na gida wanda ya shekara yana tono a bayan danga. Aka shafe shi da yaji, aka jera shi ɗanye cikin aljihun, aka murɗa zafi har ƙarshe. Bayan minti 20 ƙamshi ya cika gida, yara suka kewaye tukunya. Da aka jawo, sai ga nama ja wur, gefensa har ya fara baƙi. Amma haƙori ya kasa shiga, kamar ana tauna ƙirgi, da muka tsaga cinya kuwa sai ga ruwan jini yana kwance jikin ƙashi. Ƙarshenta cikin miya aka juye shi. Tukunyar ta yi aikinta daidai, mu ne ba mu san halinta ba.

Yadda take aiki

Kamfanin Philips ne ya fito da irin wannan tukunya a bainar jama'a a shekarar 2010, wurin wani bajen koli na birnin Barlin a ƙasar Jamus. Daga baya kamfanoni da yawa suka shiga ƙera ta. Aikinta ba shi da wuyar ganewa. A can sama akwai naɗaɗɗen ƙarfe mai yin ja idan kuran ya shige shi, bisa ƙarfen kuma akwai fanka mai ƙarfi. Fankar tana kaɗa zafin, ya sauko, ya kewaye naman ta ramukan kwandon da aka jera shi, ya sake hawa. A yawancin waɗanda muke gani, zafin yana kai digiri 200. Ke nan abin da take yi ya fi kusa da gashi bisa ga suya, ko da yake sunanta na suya ne.

Ga inda hankali ya kamata ya tsaya. Iska mai zafi tana busar da fatar nama nan da nan, ta ba ta launi mai jan ido. Shi kuwa zafi a hankali yake ratsa tsoka kafin ya isa ƙashi. Saboda haka ido yana iya cewa nama ya yi, alhali cikinsa da saura. Garin tattasai da ke cikin yaji yana ƙara ruɗin, don tun kafin wuta ta taɓa naman ya riga ya yi ja.

Wannan ba maganar daɗin baki kaɗai ba ce. Ɗanyen naman kaza yakan ɗauki ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, musamman iri biyu da likitoci ke kira salmonela da kampilobakta. Suna zaune cikin hanjin kaza ko da lafiyarta lau, kuma suna ɓata naman lokacin fiɗa da cire kayan ciki. Suna kawo zawo, amai, ciwon ciki da zazzaɓi. Ta farkon takan nuna kanta cikin awa 6 zuwa kwana 3, ta biyun kuwa sai bayan kwana 2 zuwa 5. Wannan jinkiri ne ke sa uwa ta ɗora laifi bisa haƙori ko rana, ta manta da kazar shekaranjiya. A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420.000 su mutu, daga cikinsu 125.000 yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Barkono ba ya kashe waɗannan ƙwayoyi, lemun tsami ma bai isa ya gama da su ba. Zafin da ya kai har tsakiyar nama ne ke kashe su.

Wace kaza ce a hannu?

Littattafan da ke zuwa tare da tukunyar, da girke-girken da ake turawa ta salula, kusan duka da kajin gidan gona suke lissafi, waɗanda ake yankawa suna da mako 6 ko 7. Namansu laushi ne da shi, da kitse ƙarƙashin fata. Kazarmu ta gida ta yi watanni tana gudu da tono, tsokarta ta ƙulle, kitsenta kaɗan ne. Ta fi ɗanɗano nesa ba kusa ba, a nan ba mu da ja. Sai dai wanda ya bi lissafin littafi da ita zai ci irin abin da muka ci. Haka zabo yake, har ma ya fi ta bushewa. Saboda haka hanya biyu ce, kowace kaza da tata, za mu zo kansu.

Kafin nan, tunatarwa ɗaya ga masu kiwo. Lokacin sanyi, idan annoba ta faɗo wa kaji, an saba a yi maza a yanka wadda ta fara rusuna kai don kada a yi hasara. Wannan al'ada tana da haɗari. Mutanen Magariya ba su manta da murar tsuntsaye ta 2006 ba. Kazar da ba ta da lafiya ba ta tukunya ba ce, a sanar da ma'aikacin kiwo. Wadda ake ba magani kuma a jira kwanakin da aka rubuta jikin kwalin su cika kafin a yanka ta.

Haɗin yaji

Ga kaza ɗaya mai nauyin kilo 1 da ɗan ɗori, a yanka ta gida 8. A tsattsaga cinyoyi da wuƙa sau biyu ko uku har kusa da ƙashi. Tsagar tana da amfani biyu: yaji ya samu hanya, zafi ma ya samu hanya.

Sai a nufi turmi. A daka albasa 1 matsakaiciya, da tafarnuwa sala 5, da ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, da attaruhu 2 ko 3 gwargwadon jimirin masu ci. A zuba garin tattasai babban cokali 2, masoro ƙaramin cokali 1, kanumfari ƙwaya 3 ko 4, da kimba 1 da aka cire wa ƴaƴa, don ƴaƴan suna da ɗaci. Gishiri ƙaramin cokali 1 a shafe. A matse lemun tsami 2, a kawo man gyaɗa babban cokali 2. Mai son mutardi ya ƙara cokali 1, yana taimaka wa haɗin ya kama jikin nama. Idan muka dubi turmin nan da kyau, rabin ƙasar ne a cikinsa: albasar Galmi, tattasan Difa daga bakin Komadugu, tafarnuwar garake na Ayar. Citta ce baƙuwa, yawancinta daga kudancin Kaduna take zuwa mana.

Kowane abu a nan da aikinsa. Gishiri shi ne mai shiga can cikin tsoka, yana kuma sa nama ya riƙe ruwansa a kan wuta. Tsamin lemu yana tausasa sama-sama ne kawai, idan ya daɗe kuma sai ya mai da saman naman kamar dusa. Wanda zai bar nama ya kwana cikin yaji gara ya rage lemu ya sa kindirmo babban cokali 3, tsaminsa ya fi sauƙin hali. Mai kuwa shi ke ɗaukar ƙamshin tattasai da masoro ya shimfiɗa shi, shi ne kuma ke hana fata bushewa cikin iskar. Kada a ce tunda tukunyar ba ta son mai sai a hana ta gaba ɗaya. Cokali biyun nan ba su da makawa.

Yajin ƙuli, wanda kowa ke so, a ajiye shi gefe tukuna. Garin gyaɗa yana saurin ƙonewa cikin wannan iska, ya koma ɗaci. Sai minti 3 na ƙarshe ake barbaɗa shi, ko bayan an sauke. A kuma san ƙulin da za a daka. Gyaɗar da ta yi fumfuna a rumbu tana ɗauke da dafin da ake kira afalatoksin, mai lahanta hanta, kuma zafin girki ba ya kawar da shi. Mun sha faɗin haka a wannan shafi lokacin kaka, ga shi ya biyo mu har madafa.

Ina naman zai jira?

A nan ne muka fi ganin kuskure, har a gidajen da ake ji da tsabta. Ana cuɗe kaza da yaji da hantsi, a rufe ta cikin kwano, a ajiye bisa tebur, a ce ta tsumu kafin magariba. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma idan wuri ya yi musu daɗi suna iya ninka yawansu cikin minti 20. Watan Afrilu a garuruwanmu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Kwanon da ke bisa tebur ɗaki ne aka gyara musu. Ƙa'idar masana ita ce kada ɗanyen nama ya wuce awa 2 a waje, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuwa awa 1 kacal. Waɗansu ƙwayoyin ma suna barin dafi cikin nama wanda gashi ba ya warwarewa, don haka kada a dogara da cewa wuta za ta gyara komai daga baya.

Mai firigo ya sa naman cikin kwano mai marfi, na roba ko na tangaran, a can ƙasan firigon inda ruwansa ba zai ɗiga bisa wani abinci ba. Awa 2 sun isa a ji yaji, kwana ɗaya shi ne iyaka. A guji kwanon sanholo, tsami yana cinsa. Idan kuran ya ɗauke, firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kamar awa 4. Wanda ya zauna a Yamai ko Maraɗi daga Ogusta 2023 zuwa farkon 2024, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ya san yadda awa 4 ke wucewa ba a ga wuta ba. Idan abin ya zarce haka, a fito da naman a dafa shi a lokacin.

Marar firigo kuma kada ya damu. Ya tsaga naman da kyau, ya murza masa yaji da hannu, ya rufe shi a wuri mafi sanyi na gidan minti 30, ya sa a wuta. Bambancin ɗanɗanon bai kai a sayi ciwo saboda shi ba.

Kazar da aka yanka a gida dole a wanke ta bayan fiɗa, wannan kowa ya sani. Amma a wanke ta cikin roba guda, nesa da randa da kwanonin ci, ba tare da fantsama ba. A zubar da ruwan inda yara ba sa wasa. Wuƙa, katakon yanka da hannu duka su sha sabulu kafin su taɓa tumatir ko salati. Ragowar yajin da ɗanyen nama ya kwanta a ciki ba a shafa shi bisa gasasshen nama. Mai son na dangwale ya ɗebi nasa tun daga turmi.

Gashin kansa

Mu fara da kazar gidan gona. A kunna tukunya ba komai ciki minti 3 ta ɗauki zafi. A kakkaɓe gutsattsarin albasa daga jikin naman, don su ne ke fara ƙonewa su ɓata ƙamshi. A jera yankan ɗaya kusa da ɗaya, da ɗan fili tsakaninsu, fata tana kallon ƙasa. Kada a ɗora wani bisa wani. Inda nama ya danne nama iska ba ta shiga, wurin zai fito fari kuma ɗanye. Idan aljihun ƙarami ne a yi zubi biyu, haƙurin minti 30 ne.

A sa zafi digiri 180. Bayan minti 15 a jawo a juya, a mai da. Cinyoyi masu ƙashi suna son minti 25 zuwa 30 gaba ɗaya. Ƙirji ya fi saurin nuna, a fitar da shi wajen minti 18, in ba haka ba ya bushe. Mai son fata ta yi ƙaras-ƙaras ya ƙara zafi zuwa 200 a minti 3 na ƙarshe. Da babban zafi ake rufewa, ba da shi ake farawa ba, kuskuren da muka yi ke nan da zakaranmu. Lambobi biyu ne a goshin tukunyar, ɗaya na digiri ɗaya na minti, a kula kada a musanya su. Idan an ga lamba ta kai 400, to ma'aunin Amurka ne: 360 a wurinsu shi ne kusan 180 a wurinmu, 400 kuma kusan 200.

Tukwanen ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma kuran ɗinmu yakan yi rauni da yamma, don haka minti da muka faɗa jagora ne kawai. Shaidar gaskiya tana cikin naman. A ɗauki yanka mafi kauri a tsaga shi har ƙashi. Ruwan da zai fito ya zama garai, ba ja ba, tsokar kuma ta rabu da ƙashi ba gardama. Mafi tabbaci shi ne tsinken awon zafin nama, wanda ake samu a kantunan kayan girki na manyan garuruwa. A soka shi tsakiyar cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba, ya nuna digiri 74 ko fiye. A ganinmu, wanda ya iya sayen tukunyar ya iya sayen wannan tsinke. Bayan an sauke a bar naman minti 5 a rufe, ruwansa ya koma jikinsa.

Kazar gida da zabo kuwa, da tukunyar ruwa ake fara musu. A zuba rabin haɗin yajin da ruwa kofi 2, a rufe, a dafa bisa wuta marar ƙarfi minti 30 zuwa 40, gwargwadon tsufan kazar, har cokali mai yatsu ya shiga cinya ba da ƙarfi ba. A tsame, a bari tururi ya fita, a shafa sauran yajin da ɗan mai, a jera cikin tukunyar iska a digiri 200 minti 10 zuwa 12, a juya sau ɗaya. Ta haka cikin ya riga ya nuna, iskar launi da ƙamshi kawai za ta ba shi. Ga kuma romo ya rage na shinkafa ko na mai jego. Wannan hanya ta fi dacewa da gidan da ba firigo, domin yajin cikin tafasa yake kama naman, ba sai an jira ya tsumu ba.

Idan kuran ya ɗauke ana tsakar gashi, kada a bar naman cikin aljihu ana jiran dawowarsa. Nama mai ɗumi wanda bai nuna ba shi ne mafi haɗari. A juye shi bisa gawayi ko gaz a ƙarasa nan take.

Kuran da kuɗinsa

Yawancin tukwanen suna jan wat 1200 zuwa 1800. Mai wat 1500, idan ta yi rabin awa tana aiki, ba za ta ci fiye da kashi 3 cikin 4 na kilowat ɗaya a kontar ba. Wannan ba shi da yawa. Matsalar tana wurin jan da take yi a lokaci guda, kusan ampar 7. Gidan da kontarsa ta ampar 5 ce, wat 1100 kawai take ɗauka, da an kunna tukunyar wuta za ta faɗi. A duba wannan kafin a kai kuɗi kasuwa. A kuma juya tukunyar a karanta abin da ke rubuce a gindinta. Wutarmu bolt 220 ce. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka na bolt 110 ko 120 ne, da an sa su a bango za su ƙone. A haɗa ta kai tsaye da soket na bango, siririyar wayar ƙari ta kasuwa tana yin zafi har ta narke. A bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninta da bango saboda iskar da take fitarwa ta baya, kada kuma a ɗora ta bisa tabarmar roba inda mai rarrafe zai kai hannu.

Ana yawan cewa abincin wannan tukunya magani ne ga mai hawan jini. A yi hattara da wannan magana. Gaskiya ne ta rage mai ƙwarai: cokali 2 a maimakon lita guda da ake soyawa a ajiye, a sake soyawa har ya yi baƙi. Wannan riba ce ga jiki da aljihu. Amma ba ta rage gishiri ko ƙwaya ɗaya ba. OMS ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokali 1, kuma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Wanda ya marmasa dunƙule 4 bisa kaza ɗaya, ya ƙara gishiri, ya kawo yajin ƙuli mai nasa magin, bai tsira da komai ba don ya bar mai. Idan za a sa dunƙule, 1 ya isa, a rage gishirin zuwa rabi. Citta da tafarnuwa da lemu za su cike gurbin.

Mun san kuma mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su da kuran a gida, domin a ƙasarmu kusan mutum 1 cikin 5 ne ke samunsa. Haɗin yajin nan da ƙa'idodinsa ba su da ruwa da irin murhu. Bisa ragar gawayi ma haka ne: a jira harshen wuta ya kwanta garwashi ya yi fari, a jera naman gefe inda zafi bai tsananta ba, a riƙa juyawa, sai a ƙarshe a matso da shi tsakiya. Kazar gida a tafasa ta tukuna. A tsaga cinya a duba kafin a miƙa wa yaro. Abin da ya rage, in ba firigo, a cinye shi cikin awa 2.

Wankin tukunyar kuwa, a zare wayarta daga bango, a bari ta huce, a fitar da kwandon a jiƙa shi cikin ruwan ɗumi da sabulu, a goge da soso mai laushi. Soson ƙarfe yana kankare baƙin shafin da ke hana nama mannewa. Jikin tukunyar mai ɗauke da waya ba ya shiga ruwa, tsumma mai danshi ya ishe shi. Kitsen da ya taru a ƙasan aljihu a zubar da shi kowane gashi, don shi ne ke tayar da hayaƙi a girki na gaba.